Sandar da Don Heriberto Ya Gitta a Ƙofa

Ranar Litinin da aka naɗa Don Heriberto Lugo kocin ƙwallon kwando na Kwalejin San Telmo, ya shigo zauren wasa da abu biyu a hannu: takardar shaida cikin gilashi, da sandar tsintsiya. Takardar ta ce ya halarci bitar kwana uku a Indiana ta Amurka. Waɗanda suka san labarin tafiyar sun ce kwana biyu daga ciki a filin jirgi ya yi su yana cigiyar akwatinsa, amma takardar ba ta kawo wannan ba. Kafin nan ya shekara ashirin da biyu yana sayar da firiji da fanka a bakin dandalin gari, kuma babbar hujjarsa ta sanin wasa ita ce shugaban kwalejin, Dokta Pagán, yana auren ƙanwarsa.

Ni ma na nemi kujerar, bayan shekara huɗu ina taimaka wa tsohon koci. Kwamiti ya duba takarduna, ya yaba da kyan rubutuna, sai ya ga bai dace a raba irin wannan hannu da littafin wasa ba. Saboda haka ina zaune a teburina da alƙalami lokacin da Don Heriberto ya tara 'yan wasa goma sha biyu a tsakiyar fili, ya gyara zaman malafarsa, ya fara jawabi.

"Samari, ku buɗe kunnuwanku. Na je inda ake shan wasan nan tun a nono, na dawo da asiri biyu. Na farko, gudu. Daga usur ɗin farko zuwa na ƙarshe ba mai tsayawa. Za mu bi abokin gaba har ƙarƙashin kwandonsa, mu hana shi numfashi. Na raɗa wa tsarin suna Guguwa. Na biyu, tsawo. Kwando a sama yake, ko ba haka ba? To wa ya fi kusa da sama?"

"Padre Anselmo, Profe," in ji wata murya daga baya, tana nufin limamin cocin garin.

Mai muryar shi ne Efraín Vélez, wanda duk gari ke kira Pitirre, da sunan ɗan tsuntsun nan mai korar shaho. Tsawonsa ƙafa biyar da inci bakwai, kuma shekara uku ke nan duk ƙwallon da ya shiga kwando a San Telmo sai ya biyo ta hannunsa. Don Heriberto ya so ya dube shi sama da ƙasa, amma sai da ya ɗan ɗaga haɓa kafin ya samo saman.

Ya sa aka kawo kujera, aka ɗora akwatin lemo a kan kujerar, ya hau, ya kafe sandar tsintsiyar a gicciye a ƙofar zauren, daidai ƙafa shida da inci biyar daga ƙasa. A gefenta ya manna doka mai ɗauke da sa hannun Dokta Pagán da hatimi: "Duk wanda ya wuce ta ƙarƙashin wannan sanda a miƙe, ba shi da gurbi a ƙungiyar ƙwallon kwando ta San Telmo, ko shi wane ne." Da ya sauko, ya dafe malafa, ya lanƙwashe kamar mai shiga akurki, ya wuce. Tsakanin malafar da sandar akwai wurin da zakara zai tsaya ya yi cara, amma daga ranar bai ƙara ratsa ƙofar nan ba sai a sunkuye.

Aka jera 'yan wasa. Goma sha ɗaya suka wuce a miƙe, ko gashinsu bai motsa ba. Na goma sha biyu, Goyo, wanda tsohon koci yake sakawa kawai idan wasa ya riga ya ƙare, ya taho yana kallon ƙasa, sanda ta buge shi a goshi, ya faɗi zaune. Don Heriberto ya rungume shi.

"Ga kyaftin!"

Na ajiye alƙalami. "Profe, wanda yake son Guguwa masu zafin nama yake nema, goma sha biyu, yana canja su kafin su gaji, kuma ga su nan ka kora. Wanda yake son dogaye a tsanake yake wasa, ya ajiye gajere ɗaya mai kai musu ƙwallo. Kai shanun huɗa za ka saya ka kai su sukuwa."

"Idalis, nena, 'yar yarinya, kin taɓa zuwa Indiana?"

"Ban taɓa ba."

"To riƙe alƙalaminki."

Goma daga cikin korarrun ba su yi mako ba kwalejojin bakin teku suka kwashe su. Biyar ma a tare suka koma Punta Salinera, abokan hamayyarmu na gado. Pitirre kaɗai ne ba shi da inda za shi. Zango ɗaya ya rage masa ya kammala karatun jinya, a asibitin garinmu yake aikin koyo, kuma da tallafin 'yan wasa yake karatu. Ƙa'idar ofishin ɗalibai kuwa ba ta da lanƙwasa: ɗan wasan da bai taka fili ba a ranar buɗe kakar wasanni, ya bar ƙungiya ke nan, ranar Litinin mai biyowa a soke tallafinsa. Kakarsa da ta raine shi, Doña Monse, alcapurria, wani irin ƙosai na ayaba da nama, take soyawa a ƙofar zauren, kuma ba a taɓa jin kaskon suya ya yaye ɗalibi daga kwaleji ba. Mako biyar ya rage a buɗe kaka.

Washegari Doña Monse ta karanta dokar sau biyu tana juya mai.

"Kai ma ba ka da wayo, ɗana. Ka sunkuya mana, kamar yadda wancan yake yi. Takardar ba ta ce sai kai ya taɓa ba."

Pitirre ya dafe kai, ya lanƙwashe, ya wuce.

"Kai! Koma!" in ji Don Heriberto daga ciki. "Wannan sunkuyon ƙarya ne!"

"In kai ka faɗa, Heriberto, an yarda," in ji tsohuwar. "Maƙeri ai ya fi kowa sanin ƙarfe."

"Doña Monse, ki tsaya a kan kaskonki."

"A kai nake. Ni na wanke ka ranar da ka faɗa kwata kana ɗan shekara shida, kuma tun daga ranar ban ga an samu wani ƙari ba."

Don Heriberto ya ɗaura wata sandar a kan a-kori-kurarsa, ya zaga tsibirinmu kaf, daga tsauni zuwa gaɓa. Bai tambayi kowa ko ya taɓa riƙe ƙwallo ba. Sanda yake azawa a kan mutum, in ta yi daidai ya ce hau mota. Bayan kwana tara ya dawo da mutum biyar, domin su ke nan Allah ya yi. Akwai Nicanor, mai babbar murya a mawaƙan coci, wanda in ya taɓa mutum sai ya tsaya ya nemi gafara. Akwai tagwaye, Abdiel da Abimael, masu tsinkar fiya. Akwai Fermín, mai canja ƙwan fitilun titi, wanda yake rufe fuska in ya ga ƙwallo ya nufo shi. Na biyar shi ne Wiso, wanda inci biyar na tsawonsa tsagwaron gashi ne, a tsaye cak kamar kwando a kife. An rubuta masa a takardar shiga cewa ba shi ba shagon aski har kaka ta ƙare, ga shi kuwa budurwarsa ta rantse ba za ta sake fita da shi ba sai ya yi.

"Mutum shida," na ce. "Biyar a fili, ɗaya a benci, minti arba'in ana gudu. Wa zai canji wa?"

"Guguwa ba ta canji, nena. Kin taɓa ganin guguwa ta zauna ta huta?"

Aka fara horo. Ya kwaso manyan fankoki uku daga shagonsa ya jera a gefen fili, wai don jiki ya saba da iska. Fankokin suka kwashe takardun dabarunsa suka watsa su har cikin man Doña Monse, ita kuwa ta tsamo su ta naɗe wa masu saye alcapurria da su. Ranar rabin garin ya ci sirrin Guguwa da barkono. Bai koyi sunan kowa ba, da awo yake kiransu. In ya ce "Shida-da-tara!" tagwaye su taho a guje daga kusurwa biyu su yi karo a tsakiya. Da aka zo koyon buga ƙwallo a ƙasa ana tafiya, sai aka tarar ba wanda ya iya. Nicanor yana rungume shi kamar jaririn da za a yi wa baftisma, Fermín in ya buga sau ɗaya sai ya bi shi da ido har ya fice.

"Madalla!" in ji Don Heriberto. "Ƙasa ta gajeru ce. Ƙwallonmu ba zai sake taɓa ƙasa ba."

Kowace safiya yana tura su gudu a titin da ya hau tudun coci, shi yana biye a mota da usur. Ba su taɓa kai ƙarshen titin ba. A gida na uku wata za ta leƙo ta ce ɗanta, don Allah sauko mini da kyanwata daga rufi; a na biyar a roƙi tagwaye su tsinko mangwaro; a na bakwai a riƙe Fermín ya duba fitilar baranda. Padre Anselmo ya ari Goyo da Nicanor wuni guda suka wanke ƙararrawa ba tare da tsani ba. Garin bai taɓa samun ƙungiya mai amfani irin wannan ba, in ka cire wasan ƙwallon kwando.

Pitirre kuwa kullum da yamma, bayan ya taso daga asibiti, yana zuwa ya taya kakarsa suya, yana leƙen horon ta ƙarƙashin sanda. Wani lokaci in koci ya juya baya, sai ka ji ya ce a hankali, "Goyo, ƙafar hagu tukuna," Goyo ya gyara.

Na je wurin Dokta Pagán da alƙaluman shekara uku na wasan Pitirre. Ya karɓa, ya ɗora kofin gahawarsa a kai.

"Dokta, zango ɗaya ya rage masa. Za a raba shi da karatunsa saboda sandar tsintsiya."

"Idalis, na ji tausayinsa ƙwarai. Amma doka doka ce, ni na sa mata hannu. Ba ki ga abin da aka rubuta a ƙarshe ba? Ko shi wane ne. Kwaleji ba ta tafiya da son kai."

"Zan riƙe wannan kalmar, Dokta."

"Riƙe ta da kyau," ya ce, ya miƙo mini takarduna da zoben gahawa a tsakiya.

Asabar ɗin buɗe kaka ta zo, wasan ƙarfe uku na rana, mu da Punta Salinera. Zauren ya cika har tagogi. Don Cheo da makaɗansa sun zauna a inda suka saba da bandirai, su da ba sa barin abin kunya ya kwana ba a waƙe shi ba. Dokta Pagán yana sahun gaba da matarsa, Doña Carmín. Kafin a fara, na kai wa Don Heriberto littafi ya sa hannu, yana tsaye gaban mai sharhin rediyo.

"Profe, suna bakwai na rubuta. Na bakwai Efraín Vélez ne, rajistarsa da hukumar wasanni tana nan daram. Na gaya maka ne don kada ka ce ba ka sani ba."

"Ki rubuta har da kakarsa in kina so," ya ce, ya zana sa hannu mai jela. Ya juya ga makirufo. "Jama'ar tsibiri, ku rufe tagogi, ku ɗaure awaki. Ba na jin za mu ci da ƙasa da maki hamsin, sai dai in tausayi ya kama ni."

Goyo ya ci tsallen farko ba tare da ya yi tsalle ba. Wannan ita ce nasararmu ta ƙarshe na tsawon lokaci. Doka ta ba ƙungiya daƙiƙa takwas ta tsallake da ƙwallo zuwa rabin filin abokan gaba, mu kuwa ba mu da mai kai shi. Dogayenmu suka tsaya suna cilla wa juna a sama kamar masu lodin kankana, har usur ya tashi. Duk sanda ƙwallo ya sauko ƙasa da ƙugu, wani gajere daga cikin waɗanda sanda ta kora zai bi ta tsakanin ƙafafu ya ɗauke. Ɗayansu, Tito Burgos, bai ma wahalar da kansa ba. Ya tsaya gaban Nicanor ya ce, "Ɗan'uwa, don Allah ara mini," Nicanor ya miƙa masa da hannu biyu.

"Guguwa! Guguwa!" Don Heriberto yana ihu yana kaɗa malafa. "Ku bi su!"

Suka bi su. Kafin dogayenmu su isa wancan kwandon, 'yan Punta Salinera sun zura sun dawo, sai a haɗu a tsakiya a gaisa. A minti na bakwai Fermín ya dafa gwiwa, Goyo ya jingina da ƙarfen kwando yana kiran sunan mahaifiyarsa. Bandiri ya ɗauka:

"Guguwa ta taso, ku rufe ƙofa,
Ta zo tsakar fili tana haki,
Ku ba ta kujera, ku ba ta ruwa,
Guguwar Berto tana son fanka."

A cikin kashi na biyu gumi ya yi aikinsa. Gashin Wiso ya jiƙe, ya karkace, ya kwanta a kafaɗunsa kamar jiƙaƙƙen buhu. Don Heriberto ya ƙura masa ido, fuskarsa ta canja. Ya nemi a tsayar da wasa, ya aika aka ɗauko ɗaya sandar daga mota, ya hau benci, ya auna shi a gaban mutum ɗari takwas.

"Shida cif! Maci amana! Kusan wata guda kana cin abincina da tsawon aro! Fita!"

"Profe, in ka kore shi benci ya zama fanko," na ce daga teburi.

"Doka doka ce!"

"Da gaske na tafi, Profe?" in ji Wiso, idonsa ya kawo ruwa don murna. Ya sumbaci hannun koci, ya fice da gudun da bai taɓa yi a horo ba, ya nufi shagon aski.

An tafi hutun rabin lokaci suna da talatin da takwas, muna da goma sha ɗaya. Minti uku da dawowa, Abdiel, wanda yake da laifi huɗu na taka mutane bisa kuskure, ya ji ƙafafunsa sun ƙi, ya nemi wurin zama, ya zauna a kan ɗan wasan Punta Salinera. Laifi na biyar, waje. Saura mutum huɗu.

Alƙalin wasa, wani tsohon ma'aikacin gidan waya marar son hayaniya, ya zo teburina ya duba littafi.

"Koci, kawo na biyar."

"Da huɗu za mu yi. A Indiana da uku ma ana yi."

"In ba kowa, da huɗu ake yi. Amma ga suna nan da sa hannunka a ƙasa. Efraín Vélez."

"Ba shi da lafiya."

"Ƙalau nake, Profe," in ji Pitirre daga bakin ƙofa, da matsamin suya a hannu.

"Ya yi tafiya."

"Ga ni nan, Profe."

"To ni zan shiga!" Ya fizge rigar Abdiel ya zura a kan tasa. Rigar ta sauka har idon sawu. Zauren ya ɗauki sowa, Don Cheo ya canja kiɗa zuwa na rakiyar amarya, wata daga sama ta ce a kawo furanni.

"Koci, kai ba ɗalibi ba ne, kuma ba ka cikin littafi," in ji alƙalin. "Ko yaron ya shigo, ko in tashi wasa in rubuta cewa San Telmo ta gudu a gidanta."

Dokta Pagán ya waiwaya ya dubi mutum ɗari takwas, ya dubi makirufon rediyo, ya miƙe. "Berto, don girman Allah saka shi!"

Pitirre ya kwance ƙyallen suya. Rigarsa mai lamba huɗu tana ciki tun safe, kakarsa ta goge ta. "Sa mini albarka, Abuela," ya ce wa kakar tasa. "Allah ya yi maka, je ka," ta ce, ba ta ɗaga ido daga kasko ba, ko da yake na ga alcapurria biyu sun ƙone. Ya taka fili, alƙali ya busa, agogo ya motsa. Na rubuta mintin a gaban sunansa, kuma ban taɓa yin rubutu mai kyan wannan ba.

Ya tara dogayen huɗu, suka sunkuyo kansa kamar masu leƙen rijiya.

"Daga yanzu ba mai gudu. Goyo, tsaya a tsakiya ka zama bango. Nicanor, dama da kwando, hannu sama kamar waƙar Ista, kuma kowa ya ce ara mini, ka ce sai bayan wasa. Abimael, duk ƙwallon da ka gani a sama fiya ce, tsinko ta. Fermín, kwandon nan fitilar titi ce, abin da zan miƙo maka ƙwai ne. Saka shi a hankali."

"Ba za ka jefo da ƙarfi ba?" in ji Fermín.

"Kamar na miƙa maka jariri."

Haka aka yi. Pitirre ya riƙa ratsa 'yan Punta Salinera shi kaɗai, ya tsallake rabin fili, ya jira shanun huɗarsa su iso a tafiyarsu ta ƙasaita, sannan ya ɗaga ƙwallo sama inda ba hannun da zai kai sai nasu. Fermín yana sakawa a hankali, har da ɗan murɗawa a ƙarshe saboda sabo. Tito Burgos ya sake zuwa gaban Nicanor da ladabi, Nicanor ya ce, "Gafara, ɗan'uwa, sai bayan wasa," ya zura a kansa. Maki ya fara hawa: ashirin, talatin da biyar, hamsin.

Don Heriberto, har yanzu cikin doguwar riga, ya matsa kusa da makirufo.

"Jama'a, abin da kuke gani shi ake kira idon Guguwa, wurin da iska take kwantawa. Tun farko haka na tsara. Ni na ɓoye yaron nan a wurin suya mako biyar don kada abokan gaba su farga."

"Yaya sunansa, Profe?" in ji mai sharhi.

"Biyar-da-bakwai."

Saura daƙiƙa huɗu, muna da sittin da shida, suna da sittin da biyar, ƙwallo yana hannun Pitirre a tsakiyar fili. Abin da ya rage kawai ya riƙe shi har ƙaho ya busa. Sai mai hoton jarida ya durƙusa a gefe, ya saita na'urarsa a kan Pitirre. Don Heriberto ya ga inda na'urar ta dosa, ya ga ba shi a ciki. Ya suri takardar Indiana da gilashinta, ya ɗaga sama, ya afka fili yana ihun "Mun ci!" A taku na uku ya take bakin rigar, ya kife, ya gangara har ƙafafun Pitirre.

Usur ya tashi. Alƙalin ya ƙirga masu rigar San Telmo a fili da yatsa, ya samu shida, ɗaya a kwance. Ya ba Punta Salinera jifan kyauta biyu. Tito Burgos ya zo kan layi, ya juya wajen Don Heriberto, ya dafe kai, ya yi masa sunkuyon nan da duk gari ya sani, sannan ya zura duka biyun. Sittin da bakwai da sittin da shida. Ƙaho ya busa.

Abin da ya fara sauka a fili ɓawon lemo ne, sai kofunan takarda, sai takalmin wata baiwar Allah. Don Heriberto ya tattare rigar a hannu kamar mai tsallake rafi, ya danna malafa a ka, ya nufi ƙofa da gudu. A ranar ne kawai aka ga Guguwa a San Telmo. Ya ratsa ƙarƙashin sandar a miƙe sambal, ƙirji a gaba, ko inuwarta bai taɓa ba.

Duk ido ya koma kan sandar. Doña Monse ta ajiye matsami, ta goge hannu, ta ɗaga murya yadda har rediyo ya ɗauka.

"Dokta Pagán! Ni idona ya tsufa. Kai ka ga ya sunkuya?"

Dokta Pagán ya fara laluben tabarau. Na bar teburina, na ɓamɓaro dokar daga bango, na kai masa har kujera.

"Ka ce in riƙe kalmar da kyau, Dokta. Ga ta."

Ya dubi matarsa, yana neman ceto. Doña Carmín ta buɗe mafici tana fifita.

"Karanta musu, Rogelio. Tun muna yara Berto yake tsayawa a kan bulo in za a ɗauki hoto. Karanta har ƙarshe."

Ya karanta har ƙarshe. Da ya zo kan "ko shi wane ne," mutum ɗari takwas suka taya shi, bandiri ya amsa. A nan aikin kocin Don Heriberto ya ƙare.

Ranar Litinin da safe na kai littafin ofishin ɗalibai da kaina, na buɗe shafin, na sa yatsa a kan layin: Efraín Vélez, minti goma sha bakwai. Suka buga hatimi. Pitirre ya kammala a watan Mayu, aka ɗauke shi aiki a asibitin garin. Sandar kuwa mai shara ya zo ya karɓi abarsa, ya ce mako biyar yana share zauren a durƙushe.

Ba a yi wata biyu da fara aikin Pitirre ba, sai ga Don Heriberto an kawo shi yana dafe da ƙugu. Likita ya ce ciwon baya ne irin na wanda ya daɗe yana sunkuyon da ba dalili. Kafin a ba shi magani sai an cika kati, katin kuma yana da gurbin nauyi da na tsawo. Doña Monse ta rantse ba da gangan ta je asibitin ranar ba, awon jini ya kai ta, ita da Don Cheo da wasu mutum tara.

"Cire malafa, Profe," in ji Pitirre. "Jingina da bango. Sauke dunduniya."

Ya sauko da ma'auni a hankali har ya taɓa kai, ya duba, ya rubuta a katin.

"Nawa, ɗana?" in ji Doña Monse daga benci.

"Sirrin marar lafiya ne, Abuela."

Don Heriberto ya leƙa katin, ya fizge malafarsa ya mayar a ka, ya juyo ga masu jira.

"Biyar da biyu ɗin nan kuskure ne," ya ce da ƙarfi. "A Indiana da malafa ake awo."